Na Dubeli Ya Kai Dada Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ban huta ba. A makaranta malamai sun tare ni a ofis, a majalisarmu ta Dubeli an ce ba za a zuba mini shayi ba sai na faɗi abin da likita ta ce, hatta mai kawo mini gawayi sai da ya tambaya ko gaskiya ne an sa kan Dada a cikin inji. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na maimaita sai na ƙara gishiri. To ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambaya takarda zan miƙa masa.

Dada ita ce mahaifiyata, Bafulatanar Yola, tana zaune a gidanta na Mbamba tare da ƙanwata Asta. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya san Fulani ya san abin da hakan ke nufi: tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In ina kusa, "Kai". In ba na nan, "Na Dubeli", tunda can nake zaune. Shekarata hamsin da biyu a haka, ban taɓa damuwa ba. Kunya ce, kuma na san ƙauna ce ke kwance a ƙarƙashinta.

Dada kuwa mace ce mai kai. Shekarar da mutane suka gudo daga Mubi da Michika, gidanta ya cika har zaure, Musulmi da Kirista, wasu ma a hanya ta tsince su. Cikin kwana biyu ta haddace sunan kowa, da na 'ya'yansa, da wanda ba ya cin kuɓewa, da wadda ba a ambaton mijinta a gabanta don kada ta fashe da kuka. Shi ya sa bara, da Asta ta ce mini Dada ta sa gishiri sau biyu a miya, ta kuma tambaye ta ranar kasuwa sau uku kafin azahar, sai na yi dariya na ce tsufa ne. Da abin ya ƙi tsayawa muka kai ta asibiti a nan gida. Likitan ya ce mantuwar ta ɗan wuce ta shekaru, amma ba ta kai gigin tsufa ba. Tana iya tsayawa a nan, tana iya wucewa can, sai mun ga likitan ƙwaƙwalwa ya duba inda ta dosa.

Daga ranar wani tsoro ya shige ni wanda na kasa gaya wa kowa. Asta kullum da safe tana jin sunanta a bakin Dada, ta san tana nan a kanta. Ni fa? In Dada ta ce "Kai", ta yaya zan gane kunya ce ko kuwa sunan ya riga ya tafi?

Na ce mu je Kano, ta ce nisa. Na ce Maiduguri, ta dube ni kawai. Sai Yapendo, ƙanwarta da ke aure a Garwa ta Kamaru, ta bugo waya ta ce akwai likitar ƙwaƙwalwa a garinsu, mace, mai haƙuri da tsofaffi. Rabon Dada da Yapendo tun kafin rikicin ya sa kowa tsoron hanya. Na je Mbamba da dabarata, na ce, "Dada, ba za mu je zumunci Garwa ba?" Ta ce, "Za mu je. Amma ka ɗauko takardun asibitin, kada ka manta." Dabarata ta mutu tun a tsakar gida.

Bitrus ne ya ɗauke mu. Mutumin Michika ne, wata bakwai ya yi a zauren Dada da matarsa Saratu, yanzu yana jan motar haya a hanyar Fufore. Da ya ji labari ya ce babu direban da zai kai Dada bakin iyaka sai shi. Muka tashi da hantsi, Dada a gaba, ni a baya da jaka biyu da kwanon man shanu na tsaraba a kan cinya.

"Bitrus, ina Saratu?"

"Yana lafiya, Dada. Ya ce in gaishe ka da kyau."

"Ɗan naku mai tsoron zakara fa, Ayuba?"

"Kai, Dada! Ayuba yanzu yana sakandare, shi ne ma yake yanka mana kaza."

Suka yi ta dariya. Ta bi mutanen zauren nan ɗaya bayan ɗaya, har wata tsohuwa Kwarba da ni kaina na manta an yi ta. Raina ya yi fari. Muna wuce shingen sojoji na farko sai ta juya ta ce, "Bitrus, ina Saratu?" Ya kalle ni ta madubi, ya amsa kamar yanzu ya fara ji. Kafin Gurin ta tambaya sau uku, shi kuma sau uku Saratu tana gaishe ta da kyau. Ni dai a baya ina lissafin kishi: ta kira Bitrus, ta kira Saratu, ta kira Ayuba mai tsoron zakara, ni kuma da ta so ruwa sai ta miƙo hannu ta ce, "Kai."

A Gurin hanyar mota ta ƙare, sai kogin Faro. Lokacin kaka ne, ruwa ya fara ja baya amma bai kai a taka ba, sai kwalekwale. Bitrus ya durƙusa ya yi wa Dada sallama, ta sa masa albarka. Na tsaya ina yi mata lacca irin ta malamin makaranta, ta riƙe gefe, kada ta miƙe, kada ta kalli ruwa. Ta tattare zaninta ta shiga ta zauna daram, ta ce tun ban zo duniya ba take ƙetare Faro. Da muka kusa gaɓar can, ni gwani na yi sauri in sauka in taimaka mata, na zata na ga ƙasa. Ruwa ya kai mini cinya. Man shanun dai na ɗaga shi sama, shi kaɗai ya tsira da mutuncinsa. Dada ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

Haka na isa gaban jandarma, ɗan sandan Kamaru mai tsaron iyaka, wando na ɗiga. Na tattaro Faransancin da na koya a aji biyu na sakandare na gaishe shi, ya zubo mini amsa kamar an buɗe famfo, ban kama ko kalma ɗaya ba. Sai Dada ta leƙo ta gefena ta gaishe shi da Fulatanci, "Jam na?" wato lafiya? Mutumin nan ya ajiye biro ya koma Fulatanci tas. Ta tambaye shi garinsu, ya faɗa, ta ce ai ta san mai sayar da nono a can, ta ambaci suna, ya ce goggonsa ce. Ya buɗe kwanon man shanu ya shinshina, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana gida. Aka buga mana hatimi, ya rako mu har mota yana riƙe da jakar Dada, ni kuwa ko kallona bai sake yi ba.

Motar Garwa irin wadda ake cewa ta cika sannan a ƙara mutum biyu ce. Ban ga komai a hanya ba sai ƙeyar wani mai rawani da buhun gyaɗa. Abin da ya fara ba ni mamaki da muka shiga gari shi ne babura. Mu a Jimeta tun da aka hana acaɓa lokacin rikici muka saba da keke napep, har na manta da ƙarar su. Can kuwa kamar an kaɗa gidan zuma. Na ce mu jira tasi, Dada ta ce ƙanwarta na jira. Ta hau bayan wani a karkace, ta riƙe mayafi da haƙori, suka bar ni a tasha ina neman inda zan sa ƙafa.

Haɗuwarsu da Yapendo ba zan iya rubuta ta daidai ba. Ba su rungumi juna ba, ba a yin haka. Suka zauna a tabarma ɗaya suka shiga gaisuwa, jam, jam, jam, kowace na kallon ƙasa, hawaye na zuba, gaisuwar ta ƙi ƙarewa. Daga nan aka ɓalle da hira, suka tono mutanen da suka rasu shekara arba'in da suka wuce suka yi musu tsiya. Ni aka ba ni ɗakin zaure da fanka, aka kuma kawo tuwo da miyar yakuwa da giwan ruwa. Kogin Binuwai ɗaya ne da namu, amma na rantse kifinsu ya fi namu ƙiba, ban san me suke ba shi ba. Da safe kuma shayi da wani burodi dogo kamar sanda, bayansa tauri, cikinsa iska. Dada ta juya shi ta ce wannan ai na kora awaki ne. Ta ci biyu. Mijin Yapendo ya dage Garwa ta fi Yola zafi, na ce masa kada ya zagi garinmu, muka yi ta musu har rana ta raba gardama ta kore mu duka cikin inuwa.

Ranar asibiti mu uku muka je. Likitar yarinya ce a idona, 'yar kudancin ƙasarsu, Fulatancinta na kasuwa ne amma yana kai ta inda take so. Ta fara da Dada.

"Dada, me ke damun ki?"

"Jam."

"Kina yawan mantuwa?"

"Jam kawai."

Ta juyo kaina. "Malam, ta taɓa barin tukunya a wuta? Tana maimaita tambaya?"

Dada na zaune a gefena. Ni in buɗe baki in tona uwata a gaban baƙuwa? Na ji bakina ya ce, "A'a, lafiya lau take." Yapendo ta gyaɗa kai ta ƙara da cewa ai yayarta ta fi kowa kai a danginsu. Likita ta ajiye biro ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To kun ƙetaro kogi, kun biya ta jandarma, don ku gaya mini kowa lafiya? Sannunku da zuwa." Kunya ta kama ni. Ta ce ta saba, mutanen nan duk haka suke mata, shi ya sa take da benci a waje. Ta ce za ta gama da Dada tukuna, sannan ta gan ni ni kaɗai.

Ta ce wa Dada za ta ba ta ajiyar kalmomi biyar, anjima za ta karɓa: ƙwarya, rijiya, ja, allura, akuya. Dada ta maimaita sau biyu. Ta tambaye ta wata da rana, Dada ta ba ta watan Musulunci daidai, ranar kuma ta kuskure da ɗaya. Sai ta ce ta lissafo dabbobi iya yadda za ta iya kafin ta ce tsaya. Dada ta gyara zama: farar saniya, jar saniya, mai roɗi-roɗi, mai gajeren ƙaho, karsana, bijimi. Likita ta ce, "Dada, duk wannan ai saniya ce guda." Dada ta dube ta da tausayi ta ce, "'Yata, wa ya gaya miki?"

Ana cikin dariyar nan likita ta nuna Yapendo ta ce, wace ce wannan? Dada ta faɗi sunanta har da na tsokana. Sai ta nuna ni.

"Wannan fa? Yaya sunansa?"

Dada ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Na ga biro ya sauka a kan takarda, gabana ya faɗi. Yapendo ce ta yi wuf ta ce, "Haba likita! Ɗan fari ne fa!" Likita ta dafe goshi ta ce an sha gaya mata wannan, ga shi ita ma ta manta, ko ita za a gwada? Ta soke abin da ta rubuta, aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na ga Dada ta ɗago ta dubi fuskata, abin da ba ta cika yi ba, ta kuma daɗe tana duba.

Da aka zo karɓar ajiya Dada ta kawo ƙwarya, akuya da rijiya da kanta. Aka ce akwai abin ɗinki, ta ce allura. Aka ce akwai launi, ta kasa kawo shi. Aka ce fari ne, ko ja, ko baƙi? Ta ce ba ta tuna an ba ta launi ba. A nan zan faɗi abin da ban faɗa a majalisa ba: ni ma ina gwada kaina a zuci, huɗu na samu. Rijiya ta ɓace mini ƙurmus, sai a bakin Dada na ji ta.

Da na shiga ni kaɗai na zazzage komai, gishirin, ranar kasuwar, Saratu sau uku. Ta tambaya ko Dada na yin sallarta daidai, ko tana girki, ko ta taɓa ɓata a hanyar da ta sani, ko halinta ya sauya, ko tana barci. Ta ce amsar waɗannan ta fi mata kowane inji amfani, kuma ba mai ba ta su sai wanda ke zaune da mutum. Daga ƙarshe na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya kawo ni. Na ce tunda ba ta faɗin sunana, yaya zan san ranar da ta manta shi? Ta ce, "Malam, ba ni da injin wannan. Sai dai ka tambaye ta." Na ce a raina, ashe har yanzu ba ki san mu ba.

Aka ɗebi jini, aka duba kunne, aka sa kan Dada a inji. To ga amsar mai gawayi, gaskiya ne. Ta fito ta ce ƙararsa kamar injin niƙan Mbamba, har ta fara gyangyaɗi. Kwana biyu muka jira sakamako, muna cin kifi.

Ranar da muka koma likita ba ta ɓoye komai ba, kuma Dada take kallo tana magana, ba ni ba. Ta ce masu irin wannan mantuwa kashi-kashi ne: wasu suna tsayawa a nan shekara da shekaru, wasu suna wucewa zuwa gigin tsufa, wasu ma sukan samu sauƙi in an gano wani abu ne daban ke jawo ta. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan mutum ɗaya, alamu kawai ake tarawa. Alamun Dada masu kyau su ne har yanzu tana riƙe da gidanta da sallarta da hanyoyinta, kuma in an ɗan tuna mata abu yakan dawo. Waɗanda ba su yi mata daɗi ba su ne launin nan da ya ƙi dawowa ko da an nuna shi, da kuma hoton ƙwaƙwalwarta da injin ya ɗauka, wanda ya nuna wurin ajiyar sababbin abubuwa ya ɗan ragu, ga kuma tabon hawan jini. Kunnen hagu ma ya yi rauni, wata mantuwar ba mantuwa ba ce, ba ta ji ba ne tun farko. Ta ce a riƙe maganin hawan jini, a gyara kunne, a bar ta ta yi girkinta Asta na kusa, kada a hana ta biki da suna, kuma mu daina amsa tambaya a madadinta. Bayan wata shida mu dawo ta sake gwadawa, don sai ta gwama na yau da na gaba za ta san ko abin tafiya yake ko tsaye.

Dada ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, zan manta mutanena?"

"Yana iya faruwa, Dada. Ban sani ba. Ina kyautata zaton ba nan kusa ba."

"To, usoko," in ji Dada, wato na gode. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce mu biya kasuwa, Asta ta yi saƙon atamfa.

Na zata za ta shiga damuwa, sai na ga akasin haka. Kwanan da ya rage ta zaga dangi kaf a kan babur, ta sayi burodin kora awaki guda shida na tsaraba, ta sa Yapendo ta yi alkawarin zuwa Mbamba bayan salla. A hanyar dawowa Dada ta isar wa jandarman nan namu gaisuwar goggonsa, wadda ko ganinta ba ta yi ba. Ni kaɗai ne nake tafe da nauyi a ƙirji.

Muka shiga kwalekwale da la'asar, mu biyu sai mai tuƙi a can baya da buhunan wani. Ina zaune a gabanta na ba ta baya, na ƙudura wannan karon ba zan sauka ba sai na ga busasshiyar ƙasa. Da muka kai tsakiyar ruwa, inda ba ka ce Kamaru ba ba ka ce Najeriya ba, sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Iliyasu."

Ban juya ba. Na zata wani ne a gaɓa.

"Iliyasu. Da kai nake."

Na juya. Ba ni take kallo ba, ruwa take kallo, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Na ga fuskarka ranar nan a wurin likita," ta ce. "Yana nan. Ranar Alhamis aka raɗa maka shi, ana ruwa, kakanka ya so wani suna, ni na aika a ɓoye na ce wannan nake so. Tunda yarinyar ta ce wata rana yana iya tafiya, ban so ya tafi ban taɓa fitar da shi ba. Nan kuma ba garin kowa ba ne, ba wanda zai ji."

Ni malamin makaranta, mai surutun da ya ishi Dubeli, kalma biyu kawai na iya fitarwa. Na ce, "Na'am, Dada." Sai hawaye, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban san sunana yana da daɗi haka ba sai ranar. Mai tuƙi ya ga babban mutum na kuka, ya ce in kwantar da hankalina, ruwan ba zurfi.

Kwalekwale ya daki yashin Gurin. Bitrus na tsaye a gaɓa yana ɗaga hannu. Dada ta tattare zaninta ta sauka da kanta, ta ce, "Bitrus, ina Saratu?" Sannan, ba tare da ta waiwayo ba, ta nuna bayanta da hannu.

"Kai, ɗauko jakar."

Na ɗauko.